Keken babban kanti da dattijon da ya juya mini fok

Wata goma sha huɗu ke nan da na sayi keke a ɗaya daga cikin manyan kantunan nan masu rangwame, irin waɗanda mutum zai shiga neman sabulu ya fito da talabijin. Sai yanzu nake jin na isa in faɗi ra'ayina a kansa, da kuma kan ƙaramin shagon kekunan da na raina a ranar, wanda yanzu da wuya wata ya wuce ban leƙa ba. Sharhin abu biyu ne a haɗe, don duk inda na ɗauko zancen ɗaya sai ɗayan ya biyo.

Likita ne ya ce in riƙa motsa jiki, wurin aikina kuwa kilomita bakwai ne daga gida, sai na ce bari in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ƙaramin shagon na fara zuwa. Ɗaki ɗaya ne, tayoyi a rataye a sama, warin man giris ya kama ko'ina, ga wani dattijo mai tabarau yana ɗaure wayoyin rim. Kafin ya nuna mini komai sai da ya jero mini tambayoyi: nisan tafiyar, kwalta ce ko burji, akwai hawa, zan riƙa ɗaukar kaya ko a'a. Ya dubi tsawona, ya janyo wani keke baƙi, babu sifirin, babu ado, giya takwas. Da ya faɗi kuɗinsa na ji kamar ya zage ni, don ya kusa ninka uku na wanda na gani a talla. Na ce masa zan dawo, irin “zan dawon” nan da mai saye da mai sayarwa duk sun san ma'anarta.

A babban kantin kuwa ido ya sha kallo. Ja da baƙi, sai sheƙi yake, sifirin gaba da baya, tayoyi jibga-jibga, giya 21, ga sunan Shimano, kamfanin kayan keke, ɓaro-ɓaro a jiki. Yaron da na kira ya taimaka mini daga sashen kayan wuta ya zo, yaro mai ladabi, amma abin da ke rubuce a takardar da aka maƙala wa keken shi ya karanta mini. Girma ɗaya ne, dogo da gajere kowa shi zai hau. Na tura shi zuwa wurin biya ina jin na yi wa dattijon nan wayo.

Tun hawan farko na ji wani abu ba daidai ba. In na zo kwana sai yatsun ƙafata su taɓa tayar gaba, kan keken kuma yana ta fizge-fizge kamar doki mai gardama. Na ɗora wa kaina laifin, tunda na yi shekara ashirin ban hau keke ba. A mako na uku kaca ta fara zamewa in na taka da ƙarfi, fedar hagu tana girgiɗi, tayar baya tana gogar robar birki a kowane juyi, shak, shak, shak, har na fara tafiya da kiɗan. Ranar da abin ya ishe ni, ina gangarowa ne na matse birki har hannun ya manne da kan keken, shi kuwa yana ta tafiyarsa. Da takalmina na tsaya.

Na koma kantin da rasit, kuma in faɗi gaskiya ba su yi mini wulaƙanci ba. Sun ce za su iya canza mini da wani. Na tambaya ko akwai wanda zai duba wannan ɗin, aka ce ba su da makaniki, masu haɗawa daga waje suke zuwa. Na dubi sauran 'yan'uwansa a jere, uwa ɗaya uba ɗaya, na ga canjin ba zai canza komai ba. Haka na turo shi, ina jin kunya, har ƙofar dattijon.

Bai ce mini “ai na faɗa maka” ba, kuma wannan kaɗai ya isa in ba shi maki. Ya tsaya yana kallon keken daga nesa, hannu a baya, kafin ya ce, “Malam, wa ya haɗa maka shi?”

Na ce a haɗe na saya, Baba.

“To fok ɗinsa a juye yake. Gabansa ne ke kallon baya.”

Fok shi ne ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba. An ƙera shi ne ya tura tayar gaba kaɗan, abin da ke sa keke ya tafi a miƙe ba tare da ka yi kokawa da shi ba. In aka juya shi sai tayar ta matso kusa da feda, tuƙin ya rikice. Abin da ke cin yatsun ƙafata ke nan mako uku. Ya sassauta noti biyu, ya juya, ya ɗaure, bai ɗauki minti biyar ba. Ya ce kekunan nan a kwali suke zuwa, fok ɗin a juye don kwalin ya yi gajere, kuma mai haɗawar da yawan abin da ya haɗa ne ke ƙayyade kuɗinsa ba shi da lokacin tsayawa ya duba.

Daga nan ya rataye keken, ya ce in matso in gani da idona. Ya kwance cibiyar tayar gaba, ya zuba boris ɗin a tafin hannunsa. A bushe suke ƙayau, giris ɗin da ke ciki bai kai abin da za a lakato da ɗan yatsa ba, kuma an matse su tamau har sun fara cin wurin zamansu. Ya kama ƙarfen birkin da babban yatsa ya danna, na ga yana lanƙwasa kamar murfin gwangwani. Ya ce duk ƙarfin da hannuna ke sawa a nan yake ƙarewa, kaɗan ne ke isa rim. Fedar hagu kuwa an tura ta a karkace. Ashe zaren fedar hagu a juye yake a kowane keke, hagu ake murɗawa in za a ɗaure, wanda bai sani ba ko yake sauri sai ya cinye zaren. Nawa an cinye rabi.

Na nuna masa sunan Shimano, don shi ne hujjata ta ƙarshe. Ya yi murmushi ya ɗora yatsa a kan abin sauya giya na baya. Ya ce wannan nasu ne na gaskiya, mafi ƙanƙanta a jerin kayansu, kuma shi kaɗai ne a jikin keken ba shi da ƙorafi a kansa. Sauran duk ba su da suna. Kamfanin na Japan, wanda ya faro tun 1921 a garin Sakai, yana yin kaya daga na talaka har na 'yan tsere, sai masu keken araha su sayi ƙwaya ɗaya su saka a inda ido zai fara sauka. Sifirin ɗin da ya ruɗe ni kuwa, ya ce in danna in gani. Ya nutse ya dawo da ƙara, babu abin da ke tare shi. Nauyi kawai ya ƙara mini, yana kuma shanye ƙarfin da nake takawa. Da muka ɗora keken a sikeli ya haura kilo 19.

Abin da ya sa na amince da mutumin shi ne yadda ya raba aikin gida biyu. Ya ce zai sa giris, ya daidaita rim, ya ja wayoyin birki da na giya, ya canza robar birki, wannan kuɗina ba zai tafi a banza ba. Amma faifan haƙoran gaba uku an haɗe su da ƙusa ce ta dindindin, in ɗaya ya cinye sai dai a zubar da duka. Aksul ɗin baya kuma, wato ƙarfen da ya ratsa cibiyar taya, tunda firiwil ne, faifan haƙoran baya mai giya bakwai da ake murɗawa a jikin cibiya, boris ɗin gefen kaca ya yi nisa da inda taya ke ɗaure, mutum mai nauyina zai lanƙwasa shi ko ba jima ko ba daɗe. “Kada ka zuba masa kuɗi, Malam. Hau shi har ya gaji.” A wata na biyar aksul ɗin ya lanƙwashe kamar yadda ya faɗa.

Ranar da na kai masa aksul ɗin ne na yi masa tambayar da ke cina, ko manyan kantunan nan ba za su kashe masa kasuwa ba. Yana goge hannu da tsumma ya ce, “Wanda ya sayi wannan ai da ma ba nawa ba ne. Kai ma da ka zo, ka zo ne ka ji kuɗi.” Na yi shiru, don gaskiya ya faɗa.

Na daɗe ina juya maganar, kuma ina ganin rabinta daidai ne. A Amurka, inda aka fi daɗewa ana wannan gardama, ƙididdigar ƙungiyar dillalan kekuna ta ƙasar ta 2015 ta nuna manyan kantuna ne ke sayar da kusan kashi uku cikin huɗu na kekunan da ake saye, amma kuɗin da ke shiga hannunsu bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Ƙananan shagunan da keke ne sana'arsu, masu sayar da kashi 13 cikin ɗari kacal, su ke kwashe kusan rabin kuɗin. Kasuwa biyu ce ke ci a fili ɗaya, kowa da mutanensa. Sai dai a ƙasar dai, shagunan sun ragu daga sama da 6,000 a shekarar 2000 zuwa ƙasa da 4,000 a 2015, ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Labarin Schwinn ma ya ishi mai tunani. Kamfanin kekuna ne da aka kafa a Shikago a 1895, ya yi shekaru masu yawa yana alfahari da cewa a hannun dillalansa ake samun kekensa, mutanen da suka san haɗawa da gyara. Ya karye a 1992, ya sake karyewa a 2001, kamfanin Pacific Cycle ya sayi sunan, daga nan aka fara ganin Schwinn a jere a babban kantin Walmart da ire-irensa. Dillalin da ya shekara talatin yana gaya wa mutane wannan suna amana ne, ya wayi gari ana sayar da sunan a kanti a kan kuɗin da shi ko sari ba zai samu ba.

Ɓarnar da babban kanti ke wa mai ƙaramin shago, a nawa ganin, a cikin kan mai saye take faruwa. Ni shaida ne. Farashin tallan ya zauna mini a ka a matsayin kuɗin keke, duk wanda ya faɗi sama da haka sai na ɗauke shi macuci. Haka abin yake bin gyara. Na zauna a bencin shagon na ga wata baiwar Allah ta kawo keken ɗanta irin nawa, dattijon ya lissafa mata aikin, ta ce, “Haba Baba, ai in na ƙara kaɗan sabo zan saya.” Ta kuma yi gaskiya. Awa biyun makaniki ba ta raguwa don keken na araha ne, hasali ma na arahar ya fi cin lokaci, tunda ka daidaita nan can ya goce. Ta tafi da kekenta tana ganin an so a cuce ta, shi kuma ya yi asarar rabin awar da ya ɓata yana dubawa. Akwai kuma wanda ba ya zuwa shagon ko sau ɗaya, wanda ya hau irin wannan keke mako biyu, ya sha wuya, ya yanke cewa hawan keke azaba ce, ya jingine shi a bayan ɗaki har ya yi tsatsa. Saura ƙiris in zama shi. Kekunan yara ma, waɗanda a da su ke fara kawo iyali shago har a saba, yawancinsu sun koma kanti.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba, kuma a nan ne zan tona kaina. Bayan mun saba, wata rana na tambaye shi irin tayar da ta dace da hanyata. Ya ɗauki lokaci ya bayyana mini lambobin da ke jikin taya, faɗi da zagaye, ya nuna mini guda biyu. Na ce zan yi shawara. A ƙofar shagon na tsaya na ciro waya, na same ta a intanet da ɗan sauƙi, na yi oda. Da ta iso kuma, ban ji kunyar kai masa ya saka mini ba. Ya karɓa, ya juya ta, ya ce mai kyau ce, ya saka, ya karɓi kuɗin aikinsa. Yaron shagon ne da zan fita ya ce, a hankali yadda maigidansa ba zai ji ba, “Yallaɓai, ai muna da ita.” Ribar sabon keke ba ta da yawa in an cire haya da lokacin haɗawa da dubawar farko ta kyauta. Taya, tif, kaca, fitila, makulli da aikin hannu su ke riƙe irin wannan shago. Babban kanti bai taɓa ƙwace masa cinikin taya mai kyau ba, tunda ba ya sayar da ita. Ni na ƙwace, da ilimin da ya ba ni kyauta.

Ga kuma manyan kamfanonin kekuna, har da waɗanda shagunan suka yi rainonsu da hannunsu. Canyon na Jamus ya gina kasuwarsa ne a kan aika keke kai tsaye zuwa ƙofar mai saye, kekuna masu kyau kuwa, irin waɗanda mai shago ke fatan sayarwa. A 2022 Specialized na Amurka ma ya buɗe wannan ƙofar, takwaransa Trek kuma ya daɗe yana sayen shaguna yana mayar da su nasa. Waɗannan su ke farautar ainihin mutumin dattijon, mai son keke kuma mai niyyar kashe kuɗi. Sannan annobar korona ta zo a 2020, kowa ya rufar wa keke har aka rasa na sayarwa, shaguna suka yi oda mai yawa, kayan suka iso bayan zazzaɓin ya sauka, aka shiga karya farashi. Guguwar ba ta bar manya ba, don Wiggle na Ingila, wanda ya yi shekaru yana janye cinikin kayan keke zuwa intanet, shi ma ya durƙushe a 2023.

Kada a ɗauka shagon dattijon aljanna ce. Aikina na farko kwana shida ya yi, bayan an ce mini jibi. Ba ya rubuta farashi a ko'ina, sai ka tambaya, mai jin nauyin tambaya kuma zai fita bai sani ba. Kayan da ke ƙasa kaɗan ne, abu ƙanƙani sai ya ce sai an yi oda. Kuma yana da wani kallo da yake wa keken kanti, wanda ko bai yi magana ba mai keken zai ji a jikinsa. Ni na jure don ina da laifi, amma na ga saurayin da bai jure ba, ya juya da kekensa bai sake dawowa ba. Wanda iyakar ƙarfinsa ke nan bai cancanci a kalle shi haka ba, kuma mai shagon da ke kukan kasuwa bai kamata ya kori wanda ya kawo kansa ba. Na faɗa masa haka, ya ce ya ji, ban dai ga alamar ya canza ba.

Manyan kantunan ma ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Decathlon, kantin kayan wasanni da ya faro a Faransa a 1976, yana zana kekunansa da kansa, masu girma daban-daban, yana kuma da wurin gyara a cikin kantunansa da yawa. Irin wannan ne ya kamata ya hana mai ƙaramin shago barci, don ya haɗa sauƙin kuɗi da makaniki. Irin wanda na saya a ciki kuwa kwali yake sayarwa, abin da ke cikin kwalin kuma sa'arka.

Wanda zai saya a irin nawa duk da haka, don da babu gara ba daɗi, ga abin da na koya da jikina. Ya nemi wanda ya fi kowanne rashin ado, babu sifirin, giya ɗaya in hanyarsa ba ta da hawa, don abin da babu shi ba ya lalacewa. Kafin ya hau, ya kai wa mai gyara ya duba fok, birki, feda da boris, ya lissafa wannan kuɗin a cikin kuɗin keken tun farko. Ga yaron da zai girme keken a shekara ɗaya, hakan ya wadatar. Ga babban mutum mai tafiyar kilomita goma sha huɗu kullum, na hannu mai asali ya fi sabo marar asali, kuma shi na ƙare da saye a wurin dattijon: wani tsohon keke mai shekara fiye da goma, fentinsa duk ya kwaile, kilo 12, wanda ya kwance ya sake haɗawa da hannunsa. Wata takwas ke nan, faci ɗaya na yi da canjin robar birki da kaca. In na haɗa kuɗin jan keken da gyare-gyarensa da na wannan, na wuce kuɗin baƙin keken da na gudu na bari ranar farko.

Jan yana nan a gida, ɗana na zagaye da shi ranar hutu, nauyinsa bai kai ya lanƙwasa komai ba. Tsohon aksul ɗin kuwa dattijon ya rataye shi a ƙusa kusa da ƙofa, yana nuna wa mutane. Makon jiya ina zaune a bencin ina jiran a sa mini kaca, wadda a wurinsa na saya wannan karon, sai ga wani mutum da rigar ofis yana turo keke ja da baƙi, sabo fil, ledar sirdin ma ba a cire ba. Tun daga bakin titi na hango fok ɗin. Dattijon ya ɗago tabarau ya dube ni, na matsa gefe na ba mutumin wuri a bencin.